Rabon Kaya da Ciyarwa Bayan Saki a Gadarif: Abin da Ke Salwanta Kafin Ƙara Ta Kai Sama

Tsakure

Wannan takarda ta duba halin da matar da aka saka take shiga a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, musamman cikin al'ummar Hausawa, idan rigimar kaya da ciyarwa ta wuce kotun farko ta kai matakin ɗaukaka ƙara. Matsayin takardar shi ne Dokar Iyali ta Musulmi ta 1991 ta ba mace haƙƙoƙi fiye da yadda jama'a suke zato, amma ta yi shiru kan dukiyar da miji da mata suka tara da guminsu. Abin da ta bayar ɗin ma yakan zagwanye saboda rashin rubutu, matsalar harshe, da tsadar rayuwa, tun kafin hukunci ya tabbata.

Ƙasar riɗi da dawa

Wanda ya shiga kasuwar amfanin gona ta Gadarif a ƙarshen damina zai ga inda arzikin jihar yake. Riɗi ke fara shigowa wajen watan Oktoba, dillalai suna ciniki da ma'aunin kantar, manyan motoci suna lodi zuwa Fot Sudan. Dawa tana biyo baya da sanyi. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a wannan baƙar ƙasa mai danƙo, aka yanka manyan gonaki masu faɗin fadan 1,000 a ma'aunin filin ƙasar, har Gadarif ta zama rumbun Sudan. Arziki ne mai zuwa sau ɗaya a shekara, yana rataye da ruwan sama, kuma akasarinsa ba ya cikin wata takarda. Wannan siffa tasa ita ce tushen duk abin da za a tattauna a nan.

Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu jikokin mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, zangon ya zama gida. Wasu kakanninsu sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga baya aikin auduga na Jazira da noman Gadarif suka ja wasu. Yau akwai unguwannin Hausawa a birnin Gadarif, akwai ƙauyukansu a gaɓar kogin Rahad da sauran sassan jihar. Suna noma, suna lambu, suna su, suna fatauci, kuma agashen da duk Sudan ke ci an san sana'arsu ce.

Amsa biyu ga tambaya ɗaya

Idan aure ya mutu a irin waɗannan unguwanni, ba kotu ake fara zuwa ba. Zauren malam ake zuwa, ko a tara dattawa a yi zaman sulhun da 'yan Sudan ke kira judiyya. Malamin da aka tambaya ya tashi ne da karatun Risala da Muhtasar da Tuhfa, don haka amsarsa ta Malikiyya ce, irin wadda za a ji a Kano ko Maraɗi. Zai ce matar da aka yi wa saki na yankewa, in ba ciki gare ta ba, tana da wurin zama a lokacin idda amma ba ta da ciyarwa. Zai ce mut'a, wato kyautar sallama da miji ke ba matar da ya saka, abin so ce, ba a tilasta shi. Zai kuma ce uwa ce ke riƙe da ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji.

A kotu amsar daban ce, kuma tarihi ne ya kawo haka. Mulkin Turkawa da Misirawa na ƙarni na 19 ya shigo da mazhabar Hanafiyya cikin kotunan ƙasar da yawancin mutanenta Malikawa ne. Turawan Ingila sun bar abin yadda suka same shi lokacin da suka tsara kotunan shari'a a 1902, kuma har zuwa 1947 daga Masar ake kawo Alƙalin Alƙalai. Ɗaya daga cikinsu shi ne Shaihu Mustafa al-Maragi, wanda daga baya ya zama Shaihin Azhar. Waɗannan alƙalai suna da ikon fitar da takardun umarni ga kotuna, kuma ta wannan ƙofa suka riƙa ɗebo daga Malikiyya duk inda Hanafiyya ta ƙuntata. Umarni na 17 ya ba mace damar neman a raba aure saboda cutarwa ko rashin ciyarwa. Na 34, a 1932, ya ba alƙali damar tsawaita riƙon uwa. Dokar 1991 ta tattara wannan gado wuri guda, sashe na 5 kuma ya ce duk inda dokar ba ta yi magana ba a koma ga ra'ayi mafi rinjaye na Hanafiyya.

Sakamakon wannan gauraye yana da ban sha'awa. Dokar ta wajabta wa miji ciyar da mai idda ko da sakin na yankewa ne. Sashe na 138 ya mai da mut'a haƙƙi, gwargwadon ƙarfin miji, muddin ba ta wuce ciyarwar wata 6 ba, sai dai ba a bayarwa idan an rabu ta hanyar kul'i, ko saboda talaucin da ya hana miji ciyarwa, ko saboda aibin da ke tattare da matar. A nan kotu ta fi zaure yalwa. Amma a riƙon yara sashe na 115 ya tsayar da wa'adin uwa a shekara 7 ga namiji da 9 ga mace, sai in alƙali ya ga maslahar yaron tana wajen uwa sannan ya tsawaita. A nan zaure ya fi kotu yalwa.

Macen da ba ta san wannan bambanci ba takan yi asara sau biyu. A zaman sulhu ta yafe ciyarwar idda da mut'a don an gaya mata ba wajibi ba ne. Bayan 'yan shekaru uban yara ya je kotu ya nemi ɗansa mai shekara 7, ita kuma tana zaune da yaƙinin cewa addini ya bar mata shi har balaga. Malamin bai yi mata ƙarya ba, alƙalin ma bai zalunce ta ba. Rashin wanda zai ajiye mata amsoshin biyu gefe da gefe ne ya cuce ta.

Na wa ne kayan?

A dokar Sudan, kamar a fiƙihun mazhabobi huɗu, aure ba ya haɗa aljihu. Abin miji nasa ne, abin mata nata ne. Wannan ƙa'ida kariya ce babba ga mace, domin sadakinta, gadonta da ribar sana'arta ba mai taɓawa. Dokar ta kuma yi tanadi mai kyau game da kayan cikin gida. Miji ne ke da alhakin shirya gidan aure, abin da matar ta kawo kuwa mallakinta ne. Idan suka yi jayayya babu mai hujja, abin da aka san na mata ne a ba ta da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne a ba shi da rantsuwarsa, wanda ya dace da kowa a raba biyu. Gado da katifa da kwanukan jere, waɗanda iyayen amarya Bahaushiya ke wahalar tarawa shekara da shekaru, galibi suna komawa ga mai su ta wannan hanya.

Zinariya ta fi wuya. Idan miji ya ce awarwaron da ya kawo aro ne don ado, matar ta ce kyauta ce, ita ake fara nema ta kawo shaida. A gidan da ba a ajiye rasiɗi, kuma aka miƙa kyautar a ɗaki ba a gaban kowa ba, kowa ya san yadda irin wannan shari'a take ƙarewa.

Babban giɓin yana wajen gida. A ɗauki matar da ta yi shekara 20 a gidan manomi a wani ƙauyen gaɓar Rahad. Ita ke dafa abincin 'yan ƙodago a lokacin yankan riɗi. Daga cikin gida tana matsar man gyaɗa, tana suyar ƙosai, yara suna kai talla. Kuɗin adashinta sun sayi iri a shekarar da bashi ya shaƙe maigida, akuyoyinta aka sayar aka gyara injin ban ruwa, ita ta ƙara kuɗin kwanon da aka rufa ɗaki. Gonar da sunansa take, in ma akwai takarda. Filin gidan da sunansa yake. Ranar da saki ya faɗa, Dokar 1991 ba ta da wani sashe da zai tambayi me ta zuba. Hanyar da ta rage mata ita ce ta shigar da ƙara ta daban ƙarƙashin Dokar Mu'amalat ta 1984, ta ce bashi ta bayar, ko tarayya suka yi, ko kuma miji ya azurta da dukiyarta ba da wani dalili na shari'a ba. Kowace daga cikin ukun tana neman hujja, kuma macen da ta nemi mijinta ya sa mata hannu a takarda kan kuɗin iri, a al'adarmu, an ɗauke ta marar kunya. Kunyar da aka yabe ta da ita a zaman aure ita ce ke kayar da ita a gaban alƙali.

Masana irin su Mark Duffield, wanda ya yi bincike a Mai Wurno, da C. Bawa Yamba, wanda ya zauna cikin Hausawan Jazira, sun nuna yadda rayuwar tattalin waɗannan al'ummomi take gudana bisa amana da zumunci da alaƙar malami da almajiri. Tsari ne da ya riƙe jama'a a baƙuwar ƙasa fiye da shekara ɗari. Amma kotu takarda da shaidu take ji.

Awon ciyarwa

A rubuce, tanadin ciyarwa ba shi da laifi. Sashe na 65 ya ce ta ƙunshi abinci, sutura, muhalli, magani, da duk abin da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi bisa al'ada. Sashe na 66 ya ce a duba ƙarfin mai ciyarwa da yanayin tattalin arziki na lokaci da wuri. Uba ne ke ciyar da 'ya mace har ta yi aure, namiji har ya isa neman na kansa, in ɗalibi ne kuma har ya gama muddin yana cin jarrabawa. Bashin ciyarwa yana gaba da sauran basussuka. Mace tana iya neman ciyarwar baya ta kanta har ta shekara 3, ta yara kuwa wata 6 kacal.

Tambayar ita ce yadda za a auna ƙarfin manomin Gadarif. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar albashi. Manomi kuwa a watan Agusta ba shi da ko sisi, ya ci bashin shail daga ɗan kasuwa a kan amfanin da bai nuna ba, ko ya karɓi kuɗin salam daga bankin manoma. A watan Disamba mutumin nan yana iya sayen babur ya kuma ƙara aure. Duka biyun gaskiya ne. Kuma ba duk mai kukan babu ne maƙaryaci ba, domin Gadarif ta sha ganin manoman da aka ɗaure saboda bashin banki a shekarar da ruwa ya yi gardama. Kotu takan dogara da shaidun da suka san halin mutanen biyu su ƙiyasta abin da ya dace. Watan da aka saurari ƙarar da kuma mutanen da aka kawo shaida su ne ke yanke adadin, fiye da kowane sashe na doka.

Sai kuma darajar kuɗi. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya fam ɗin Sudan daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya, kuma a tsakiyar shekarar 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Ma'anarsa, kuɗin da suka sayi mudu biyar shekara guda kafin nan, a lokacin mudu ɗaya suke saye. Dokar ta yarda a nemi ƙari, amma ba a sauraren wannan buƙata sai bayan wata 6 da yanke adadin, in ba a wani yanayi na musamman ba, kuma ƙarin yana farawa ne daga ranar da aka shigar da sabuwar ƙara. An rubuta wannan ƙa'ida don hana yawan kai-komo a kotu. A ƙasar da farashi ke ninkawa cikin watanni, ta zama hukunci a kan cikin yara.

Abin da kotun sama take gani

Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba yana da kwana 15 ya ɗaukaka ƙara, bisa Dokar Tsarin Shari'a ta 1983. Ƙarar tana hawa mataki-mataki zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan zuwa sashen shari'ar iyali na Kotun Ƙoli. Kwana 15 ba komai ba ne ga mazaunin birni mai lauya. Ga matar da ke ƙauye a tsakiyar damina, lokacin da laka ke riƙe mota kwana da kwanaki a hanyoyin Gadarif, wa'adi ne da kan wuce kafin ta samu wanda zai karanta mata hukuncin.

Ko ta samu shiga, kotun sama ba sabuwar shari'a take yi ba. Kundin kotun farko take karantawa. Kotun Ƙoli kuwa aikinta duba kuskuren doka ne, kuma ƙiyasin adadin ciyarwa ko gaskata wannan shaida a kan wancan galibi ana barinsu ga alƙalin da ya ga mutanen da idonsa. Don haka abin da bai shiga kundi a ranar farko ba, da wuya ya sake samun ƙofa.

A nan harshe yake shigowa. Da Larabci ake shari'a, da Larabci ake rubuta kundi. Matasan Hausawan Gadarif Larabci kamar ruwa, amma akwai dattijai mata da matan ƙauye da suka rayu cikin kulle, waɗanda Larabcin kasuwa kawai suke ji. Irin wannan mace takan zo da wa ko kawu ya yi mata tafinta, shi kuma ya taƙaita, ya tace, wani lokaci ya danne abin da yake ganin tonon asirin gida ne. Ta ce “na ba shi ya juya”, a rubuta ta ba shi. Tsakanin maganar biyu akwai gona guda. Alƙalan sama uku masu adalci za su karanta abin da aka rubuta, su tabbatar da hukunci, ba tare da sun san abin da aka faɗa ba.

Akwai kuma matsalar takardu. Auren da malamin unguwa ya ɗaura ba tare da ma'azun, mai rajistar aure, ya ba da ƙasima, wato takardar aure, ba aure ne ingantacce, amma kafin a yi zancen ciyarwa sai an fara tabbatar da shi da shaidu. Hausawan Sudan kuma sun daɗe suna kokawa kan wahalar samun takardun zama ɗan ƙasa. Rikicin ƙabilanci na jihar Bulu Nayil a Yulin 2022, wanda ya fito da Hausawa zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Khartum, ya nuna cewa wannan ciwo bai warke ba. Mutumin da ke jin ana tuhumar asalinsa ba ya gaggawar shiga ofishin hukuma, balle matarsa.

Ɗaukaka ƙara haƙƙi ne, kuma mazaje da yawa suna da hujjar yin ta, musamman wanda aka yanka wa adadi da awon kaka alhali ruwa ya cinye gonarsa. Amma inda kuɗi ke faɗuwa kullum, jinkiri riba ne ga mai biya, asara ga mai karɓa. Dokar tana da maganin wannan a cikinta: alƙali na iya yanka ciyarwa ta wucin gadi yayin da ake shari'a, kuma a zartar da ita nan take. Sai dai mace ce za ta nema, kuma ba za ta nemi abin da ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara dagula komai. Kotunan Khartum sun tsaya, gwamnati ta koma Fot Sudan, kuma bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 da harin Sinnar a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane sun kwarara Gadarif. Cikinsu akwai mata da hukuncin ciyarwa a hannu, mazajen da aka yanke wa kuwa ba a san inda suke ba. Dala ta haura fam 2,000 a kasuwa a 2024.

Akwai mafita a cikin gida

Wasu suna ɗauka duk maganar haƙƙin mace a dukiyar da aka tara baƙuwa ce daga Turai. Tarihin Malikiyya bai goyi bayansu ba. A ƙarni na 16, malamin nan na tsaunukan Gumara a arewacin Maroko, Ibn Ardun, ya ba da fatawa cewa matan ƙauye masu aikin gona tare da mazajensu suna da rabo a amfanin gwargwadon wahalarsu. Malaman yankin Sus na Maroko sun yi aiki da irin wannan ƙa'ida, wadda aka sani da haƙƙin kaddi da si'aya. An yi sa-in-sa a kanta tun a wancan zamani, amma ta rayu. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, a sashe na 49, ta bar dukiyar kowa a hannunsa, ta ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya ta daban, in kuma babu, ta umarci alƙali ya duba aikin da kowanne ya yi wajen haɓaka dukiyar gida. A Fabrairun 2022 Shaihin Azhar Ahmad al-Tayyib ya yi kira a farfaɗo da wannan fatawa. Kotunan shari'a na Maleshiya sun daɗe suna raba dukiyar da aka tara tare. Matar da Ibn Ardun ya yi magana a kanta, mai shuka da girbi da sussuka, da ta zo gaɓar Rahad da ta ga 'yan uwanta.

Game da biyan ciyarwa, Tunisiya ta kafa asusun lamuni a 1993, Masar ta yi nata a 2004 ta hannun Bankin Nasir: asusu ya biya uwa, shi kuma ya bi uba. Sudan ta yau ba ta da ƙarfin aljihun yin haka a faɗin ƙasa. Kwamitin da ma'aikatar shari'a ta kafa a 2020 don sake rubuta dokar iyali ma bai kai gaci ba kafin juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Amma ƙasar da ta naɗa mace alƙaliyar kotun shari'a tun 1970, wato Najwa Kamal Farid, ba baƙuwar gyara ba ce.

Abubuwa da dama ba sai an jira sabuwar doka ba. Sashe na 66 da kansa ya ce a duba lokaci da wuri, kuma a Gadarif babu ma'aunin da ya kai dawa gaskiya. Alƙali na iya ɗaure wani ɓangare na ciyarwa da mudun hatsi ko farashinsa na ranar biya, ya kuma duba samun manomi na shekara sukutum maimakon na watan da aka gurfana. Kotunan ɗaukaka ƙara na iya ɗaukar irin wannan hauhawar farashi a matsayin yanayi na musamman da ke ɗage sharaɗin wata 6. Biya ta manhajar Bankak, wadda yaƙi ya sa kusan kowa ya koya, yana barin shaidar da ke kare uba mai biya da uwa mai jira baki ɗaya. Tafinta rantsattse wanda ba dangin kowa ba ne ya kamata ya zama sharaɗi a duk shari'ar da ɗaya daga cikin masu ita bai ƙware a Larabci ba, a kuma rubuta sunansa a kundi don kotun sama ta sani.

Kaso mafi girma yana hannun al'umma. Limamai da malaman zaure da sarakunan Hausawa na Gadarif su ne ake fara zuwa wurinsu, kuma su ne ke halartar kowane ɗaurin aure. Wannan takarda tana roƙonsu abu uku. A riƙa rubuta kayan ɗaki da zinariya ranar jere, shaidu biyu su sa hannu, kowane gida ya riƙe kwafi. A koya wa ma'aurata cewa rubuta bashi tsakanin miji da mata umarnin Alƙur'ani ne a ayar bashi ta Suratul Baƙara, ba rashin yarda ba. Sannan duk macen da aka kawo zaman sulhu, kafin a nemi ta yafe wani abu, a gaya mata da Hausa abin da doka ta ba ta: ciyarwar idda, mut'a, ciyarwar wucin gadi, da kwana 15 na ɗaukaka ƙara.